Kama da Wane Ba Ta Wane: Abin da Hoton Taurari Yake Ɓoye wa Mai Waya

Duk wanda ya taɓa ɗaga wayarsa sama a daren da aka ɗauke wuta, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, idan hazo bai yi yawa ba, ya san ɗan curin taurarin nan da Hausawa ke kira Kaza da 'Ya'yanta, Larabawa kuma suke kira Surayya. Ido yana ganin shida ko bakwai. Wayar da ke da tsarin ɗaukar hoton dare, idan aka jingina ta da bulo aka bar ta ta yi aikinta, tana fito da gommai. Kusa da su akwai wani gungun taurari mai siffar harafin V da ake kira Hyades, kuma a bakin wannan V ɗin akwai wani jan tauraro mai tsananin haske, Aldebaran. Wanda ya kalli hoton zai iya rantsuwa cewa shi ne uban gidan.

Ba ɗan gidan ba ne ko kaɗan. Nisan Aldebaran daga duniya kusan shekarar haske 65 ne, shi kuwa gungun Hyades yana can wajen shekarar haske 150. Shekarar haske ɗaya ita ce nisan da haske ke ci a tafiyar shekara guda, kusan kilomita tiriliyan 9.5. Ke nan Aldebaran ya fi kusa da duniya fiye da yadda yake kusa da waɗanda yake zaune a tsakiyarsu cikin hoto. Gittawa kawai ya yi a gaban kyamara, kamar ɗan gayyar soɗin da ya leƙo cikin hoton ango da abokansa.

Wannan matsala ba ta masu waya kaɗai ba ce. Tana cikin manyan abubuwan da ke hana masana taurari barci, har ta taɓa haddasa musu a kan wani bincike da ya fito a ɗaya daga cikin mujallun kimiyya mafi daraja a duniya. Ya kamata masu sha'awar na'urori su san labarin, domin yana rushe wata aƙida da tallan waya ya dasa a zukatan matasa: wai idan kyamara ta ƙara kaifi, gaskiya ma ta ƙara fitowa.

Gungun taurari tamkar 'yan aji ɗaya ne. Daga gajimaren iskar gas guda aka haife su, kusan a lokaci guda, da sinadarai iri guda, kuma nisansu daga duniya kusan ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne nauyi. Manya masu nauyi sun fi zafi, launinsu ya karkata zuwa shuɗi, kuma suna ƙone makamashinsu da wuri su mutu. Ƙanana masu jan launi suna lallaɓawa tsawon biliyoyin shekaru. Idan aka zana jadawali, haske a gefe ɗaya, launi a ɗaya gefen, aka ɗiga kowane tauraro a mazauninsa, 'yan gungu ɗaya sukan jeru a kan siririn layi. Wurin da layin ya karye daga sama, inda manyan shuɗɗan suka riga suka ƙare, shi ke nuna shekarun gungun. Da irin wannan lissafi aka san cewa Kaza da 'Ya'yanta ba su wuce shekara miliyan 100 da 'yan kai ba. Jarirai ne idan aka kwatanta da rana, mai shekara biliyan 4.6.

To idan aka ga shuɗɗan taurari masu haske a saman inda layin ya karye fa? A ƙa'ida ya kamata a ce sun mutu tuntuni. Ko dai gungun ya sake haihuwa daga baya, ko wani abu ya sabunta musu ƙuruciya, ko kuma ba 'yan gidan ba ne, gittawa suka yi. Bayani na farko shi ke samun babban kanun labari. Na ƙarshen ba ya burge kowa.

A watan Janairu na 2016, mujallar Nature ta buga binciken Chengyuan Li da Richard de Grijs da abokan aikinsu, waɗanda suka yi aikin daga jami'ar Peking da ke Beijin. Sun yi amfani da hotunan madubin hangen nesa na Hubble wajen nazarin gunguna uku, NGC 1783 da NGC 1806 da NGC 411. Ukun ba sa cikin galaksin Milky Way da rana take ciki. Suna cikin wasu ƙananan galaksi biyu da ke maƙwabtaka da shi, waɗanda ake kira Gajimaren Magellan, babban yana nisan shekarar haske kusan 160,000, ƙaramin kusan 200,000. Shekarun gungunan tsakanin biliyan ɗaya ne da biyu. Masanan suka ce sun ga jerin taurari a cikinsu da suka girmi juna da ɗaruruwan miliyoyin shekaru, wato akwai ƙannai da aka haifa bayan yayyensu sun daɗe da girma. Bayaninsu shi ne, gungun yana yawo cikin galaksinsa yana kwasar iskar gas a hanya, har ta taru ta isa haihuwar sababbin taurari.

Dalilin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne wata tsohuwar tambaya da har yanzu ba ta sami gamsasshiyar amsa ba. Tsofaffin gunguna masu siffar ƙwallo, masu shekara sama da biliyan 10, an gano ba tsintsiya maɗauri ɗaya ba ne kamar yadda littattafai suka daɗe suna koyarwa. A 2007 Giampaolo Piotto da tawagarsa sun nuna cewa layin gungun NGC 2808 ya rabu gida uku. Ta yaya hakan ta faru? Idan aka kama gungu mai ƙarancin shekaru yana tsaka da haihuwa ta biyu, an sami bakin zaren. Shi ya sa kafafen labaran kimiyya suka yi ta yayata binciken.

Ba a rufa shekara ba wata tawagar, ƙarƙashin Ivan Cabrera-Ziri tare da Nate Bastian na jami'ar Liverpool John Moores a Ingila, ta sake ɗauko hotunan nan na Hubble ta lissafa daga farko. Suka ce ba su ga hujjar wata sabuwar haihuwa ba. A ganinsu waɗannan ƙannan taurarin galaksin ne da suke warwatse a gaba da bayan gungun, kuma matsalar ta samo asali ne daga yadda aka cire su daga lissafi.

A nan ne labarin ya zama na masu sha'awar fasaha. Hoto ɗaya ne, kyamara ɗaya, fiksel ɗin ma iri ɗaya. Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya taɓa hoton. Saɓanin a kan tacewa ne kawai.

Ga yadda ake wannan tacewa idan babu hanyar auna nisan kowane tauraro. A ɗauka mutum ya hau saman bene ya ɗauki hoton 'yan ɗaurin aure da suka tsaya a tsakiyar kasuwa ranar da take ci, kuma yana son sanin adadin 'yan bikin. Ba zai iya tambayar kowa ba. Sai ya ɗauki hoto na biyu a wani gefen kasuwar mai faɗi iri ɗaya, inda babu biki, ya ƙirga masu farar riga da masu shuɗiya da yara da manya, ya ɗebe wannan adadi daga hoton farko. Abin da ya rage su ne 'yan biki. Dabara ce mai kyau, amma kowa ya ga inda za ta iya cin amanar mai ita. Idan gefen da ya zaɓa layin masu sayar da hatsi ne, alhali bikin yana kusa da tashar babura inda samari suka fi yawa, sai ya wayi gari yana shelar cewa dangin ango cike suke da samari. Idan kuma gefen ya yi kusa da bikin har wasu 'yan bikin sun malala cikinsa, sai ya ɗebe fiye da kima. Idan gefen ƙarami ne aka ninka lissafinsa don ya yi daidai da babban hoto, kuskuren mutum biyu sai ya koma na ashirin.

Haka abin yake a Gajimaren Magellan. Filin da ke kewaye da gungunan nan cike yake da taurari masu shekaru daban-daban, har da matasa masu shuɗin launi, ga shi kuma hoton Hubble ɗan ƙaramin yanki ne na sama, babu wadataccen fili da za a kwatanta da shi. Akwai wata tambaya mai sauƙi da masu sukar suka yi, wadda ko ɗan sakandare zai fahimta: idan waɗannan taurari 'yan gida ne, me ya sa ba su taru a tsakiyar gungun kamar sauran ba, suka bazu ko'ina kamar yadda taurarin fili ke bazuwa? Wannan tambaya ba ta rufe ƙofar cewa akwai baƙon abu a gungunan ba. Abin da ta yi shi ne mayar da nauyin kawo hujja kan wanda ya yi da'awa, kuma a can ya kamata nauyin ya zauna.

Wayar da ke aljihun mai karatu tana fama da wannan matsala kullum, sai dai ba ta faɗa. Tsarin hoton fuska da ke dusashe bayan mutum sai ya yanke hukunci a kan kowane ɗigo: wannan na gaba ne ko na baya? Shi ya sa wani lokaci yake cinye gefen hula ko bakin mayafi. Manhajojin goge mutane daga hoto, irin su Magic Eraser na Google, su ma zato suke yi game da wanda ya dace ya zauna da wanda ya kamata ya fita. A hoton sama kuwa abin ya fi muni. Idan kyamara ta daɗe a buɗe cikin duhu, wasu fiksel sukan yi zafi su fito kamar ɗigon haske, sai manhaja ta zaɓi wanda za ta kira tauraro da wanda za ta share. Tun da Google ya fito da tsarin ɗaukar taurari a Pixel 4 a 2019, wanda ke haɗa hotuna da yawa cikin kusan minti huɗu, abin da ke fitowa a fuskar waya ya zama sakamakon lissafi fiye da abin da gilashi ya gani. A Maris na 2023 wani mai amfani da Reddit ya dusashe hoton wata a allon kwamfutarsa, ya ɗauke shi da wayar Galaxy daga nesa, sai ga ramukan wata sun fito tar, alhali babu su a allon. Samsung ya yi bayani cewa ƙirƙirarriyar basira ce ke ƙara wa hoton kaifi da zarar ta gane wata ne. Bambancin masana taurari da kamfanonin waya shi ne, su masanan dole su rubuta yadda suka yi tacewarsu, su ajiye asalin hotunan a inda kowa zai ɗauka ya gwada. Da Hubble ba ya sakin hotunansa ga jama'a, da babu wanda zai iya sake lissafin nan na 2016.

Maganin gaske bai zo daga ƙarin fiksel ba, daga awo ya zo. Mutum ya miƙa babban yatsansa gaba, ya rufe ido ɗaya, sannan ya sauya ya rufe ɗayan, zai ga yatsan ya yi tsalle a kan abin da ke bayansa. Abu na kusa ya fi tsalle, na nesa da ƙyar yake motsawa. Da wannan dabarar wayoyi masu kyamara biyu suke gane zurfi. Hukumar binciken sararin samaniya ta Turai ta gina wa wannan dabara tauraron ɗan'adam sukutum, mai suna Gaia, ta harba shi ranar 19 ga Disamba 2013 zuwa wani matsayi mai nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya. Idanunsa biyu su ne ɓangarori biyu na zagayen da duniya ke yi wa rana, tazarar kusan kilomita miliyan 300. Gaskiya ne kyamararsa ta kusa kai fiksel biliyan ɗaya, amma ba hoto mai kyau aka tura shi ɗauka ba. Aikinsa shi ne komawa kan tauraro ɗaya sau da yawa cikin shekaru, yana auna inda yake da kaifin da ya kai a hango kaurin gashin mutum daga kilomita 1,000. Daga nan ake fitar da nisan tauraron da kuma inda ya dosa. Kundin da aka saki a Yunin 2022 yana ɗauke da taurari kusan biliyan 1.8.

Inda tauraro ya dosa shi ne babban shaida. Motocin ɗaukar amarya a kan babbar hanya ba a gane su da launi, ana gane su ne da cewa tare suke tafiya, gudu ɗaya, su tsaya tare, su karya kwana tare. Motar da ta shiga tsakaninsu na minti biyar za ta rabu da su a mararraba ta gaba. 'Yan gungu ɗaya ma haka suke ratsa sararin samaniya tare.

Da aka fara wannan tantancewa, wasu tsofaffin sunaye sun sha kunya. Akwai wani curin taurari mai siffar maratayar riga, Collinder 399, wanda masanin nan na Farisa Abdurrahman al-Sufi ya ambata a littafinsa tun shekarar 964. An daɗe ana ɗaukarsa gungu ne na gaske. Awon Hipparcos, tauraron ɗan'adam da ya gabaci Gaia, ya nuna taurarinsa ba su haɗa komai ba, kowanne da nisansa da hanyarsa. A 2020 Tristan Cantat-Gaudin da Friedrich Anders sun bi kundayen gunguna da bayanan Gaia, suka tarar gommai daga cikinsu kawalwalniya ce, ido ne ya haɗa su. Hatta shuɗin hayaƙin nan da ke lulluɓe Kaza da 'Ya'yanta a hotunan da ake sa wa a fuskar waya, wanda aka daɗe ana cewa ragowar gajimaren haihuwarsu ne, an gane wata ƙura ce daban da gungun yake ratsawa a yanzu.

Wani zai ce, idan haka ne ai duk wani sabon abu da aka gani sai a ce gurɓata ce, a kashe wa masu bincike gwiwa. Wannan ƙorafi yana da tushe, domin gogewa fiye da kima ita ma kuskure ce, kamar manhajar da ta share gwaggon amarya daga hoto don ta tsaya a gefe. A 2019 bayanan Gaia sun nuna cewa gungun Hyades yana jan dogayen jela biyu na taurarin da suke sulalewa daga cikinsa, sun yi nisa da tsakiyar har wanda ke duba hoto kawai zai lissafa su cikin 'yan kallo. 'Yan gida ne.

Kuma tacewa mai kyau ba kashe sabon abu kawai take yi ba, tana tabbatar da shi. Gungun da ke cikin gajimaren Orion, mai nisan shekarar haske kusan 1,350, yaro ne ƙwarai, 'yan miliyoyin shekaru kacal. A 2017 Giacomo Beccari da abokansa, da madubin VST da ke Paranal a ƙasar Chile, sun ga taurarinsa sun jeru a kan layi uku maimakon ɗaya, alamar an yi haihuwar ne kashi uku a jere. Irin da'awar da ya kamata a yi wa kallon tuhuma ce. A 2019 Tereza Jerabkova ta jagoranci sake dubawa da bayanan Gaia, aka ware waɗanda nisansu da tafiyarsu suka dace da gungun, layukan kuma ba su ɓace ba. Haka nan rabuwar layi da aka gani a matasan gungunan Magellan irin su NGC 1866 da NGC 1850 ta tsira daga tacewa. Sai dai fassarar ta sauya. Mafi yawan masana yanzu suna danganta ta da saurin juyawar taurari: tauraron da ke jujjuyawa da gudu yakan buɗe a ƙugu, launinsa da haskensa su sauya gwargwadon gefen da ake kallonsa, sai ya yi kama da wanda ya girmi ɗan'uwansa alhali sa'anni ne. Bastian da Selma de Mink sun kawo wannan shawara tun 2009.

Gaia ma yana da iyaka, kuma bai kamata a mayar da shi boka ba. A nisan Gajimaren Magellan tsallen yatsan nan ya yi ƙanƙanta har ba zai raba ɗan gungu da maƙwabcinsa na fili ba. Abin da zai iya shi ne cire taurarin Milky Way da suka gitta a gaba. A tsakiyar gungu mai cunkoso kuma taurari kan hau kan juna ya rikice. Don haka masu nazarin irin su NGC 1783 suke komawa ga hotunan Hubble da aka ɗauka shekaru a tsakani, su auna ɗan motsin da ya faru, aikin da ke buƙatar haƙuri fiye da kuɗi. Na'urar awo kanta tana iya kuskure. Hipparcos ya ce Kaza da 'Ya'yanta suna nisan shekarar haske kusan 390, sauran hanyoyin awo suna cewa wajen 440, aka shafe shekaru sama da goma sha biyar ana ja-in-ja. Awon da aka yi da madubin rediyo a 2014, sannan Gaia daga baya, suka tsaya a wajen 444.

Abin takaicin shi ne yadda labaran nan ke isowa wayoyin matasa. Sanarwar gano sabon abu tana zagaya WhatsApp da TikTok da Facebook cikin kwana ɗaya, da hoto mai ƙyalli da kiɗa a ƙarƙashi. Binciken da ya biyo baya yana cewa a dakata, a sake ƙirga, ba ya samun ko kashi ɗaya cikin goma na wannan zagaye, domin babu hoton da za a sa masa sai jadawali mai ɗige-ɗige. Shafukan fasaha da ke fassara irin waɗannan labarai zuwa Hausa suna da nasu alhakin. Kafin a rubuta cewa masana sun gano baƙin taurari a wani gungu, a duba ko binciken ya faɗi yadda ya ware 'yan gida daga 'yan kallo. Idan da nisa da motsi aka ware su, maganar tana da ƙafafu. Idan ɗebewa aka yi daga wani fili na gefe, a rubuta labarin da "wai" ɗinsa.

Mai son gwadawa da kansa ba ya buƙatar komai sai data kaɗan. Manhajar Stellarium tana nuna nisan tauraro idan aka taɓa shi: a taɓa Aldebaran, sannan a taɓa na kusa da shi a cikin V ɗin, a kwatanta lambobin biyu. Shafin Aladin Lite na cibiyar bayanan taurari da ke Strasbourg a Faransa yana buɗewa a burauzar waya, kuma ana iya ɗora kundin Gaia a kan hoton kowane gungu kyauta. Shi Gaia ɗin ya daina aiki a Janairun 2025 bayan iskar da yake juyawa da ita ta kusa ƙarewa, aka kashe shi gaba ɗaya ranar 27 ga Maris na shekarar. Amma mafi yawan abin da ya tara bai fito ba tukuna. Kundi na huɗu, wanda ya ƙunshi awon shekara biyar da rabi, an tsara sakinsa a Disambar 2026.